Nazarin Lamari: Yadda Ciwon Agara Ya Kusa Raba Wani Ɗan Gudu da Ƙungiyarsa a Kaduna

Mutumin da ƙungiyarsa: 2017 zuwa 2022

Mutumin da wannan nazari ya shafa malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Kaduna, magidanci, kuma ba ɗan wasa ba ne ta kowace fuska, domin bai taɓa wakiltar jiha ba, bai taɓa cin ko sisi a tsere ba. Yaran ƙungiyarmu ta masu gudun safe Kawu suke kiransa, har manyan ma suka bi sahu, don haka da wannan sunan zan riƙa ambatonsa. Ni ne magatakardan ƙungiyar, kuma alƙaluman da ke nan na tattaro su ne daga littafin halarta da ke hannuna da kuma ɗan littafin da shi kansa yake rubuta gudunsa na kullum.

A shekarar 2017, yana da shekara 45, aka yi masa awon jini aka samu 156/98, nauyinsa kuma kilo 89. Likita ya ɗora shi a kan maganin hawan jini, ya ce masa ya rage gishiri, ya riƙa motsa jiki. Ya fara da tafiya a ƙasa bayan sallar asuba a kewayen Dandalin Murtala, daga baya tafiyar ta koma sassarfa, kafin shekara ta zagayo yana iya gudun kilomita biyar ba tsayawa. A nan ya haɗu da mu, lokacin ba mu wuce mutum takwas ba, muna haɗuwa ranar Asabar kawai.

Cikin shekara biyu ƙungiyar ta kai mutum talatin da ɗoriya a ranar Asabar, aka ƙara Talata da Alhamis, kuma kusan duk hidimar da ta riƙe wannan taro shi yake yi, ba tare da an taɓa zama an ɗora masa ba. Shi yake riga kowa zuwa, da jarkar ruwa biyu ɗaure a bayan babur ɗinsa. Shi yake zaɓen hanya, ya auna tsawonta, ya lura da inda ake aikin titi ko inda karnuka suke. Idan baƙo ya zo, Kawu ne zai tsaya da shi a can baya, ya bi shi da irin takunsa komai sanyinsa, yana yi masa hira har su iso, ga shi kuwa da ya so yana cikin na gaba-gaba. Matan ƙungiyar, waɗanda a lokacin su bakwai ne, sun sha faɗa cewa mazajensu da iyayensu sun amince su fito da duku-duku ne saboda an san akwai dattijo a baya wanda ba ya barin kowa a hanya. Da aka kulle Kaduna a ƙarshen Maris na 2020 saboda annobar korona, shi ya riƙa turo atisayen tsakar gida a zaurenmu na WhatsApp kowace safiya, yana kiran waɗanda suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. A Nuwamban shekarar, da aka yi gasar gudun kilomita 21 ta Kaduna, ya kammala cikin awa 2 da minti 8.

Zuwa tsakiyar 2022 nauyinsa ya sauko kilo 77, awon jininsa yana kai-komo a wajejen 128/82 tare da magani, yana gudun kimanin kilomita 30 a mako, kuma bai taɓa jin ciwon da ya hana shi fita ba.

Somawar ciwon: Satumba da Oktoba 2022

Da ya cika shekara 50 sai ya ƙudurta shiga gudun fanfalaki na Legas, wanda aka fara a 2016, ake yi galibi a watan Fabrairu, mai tsawon kilomita 42 da mita 195, a lokacin ana tashi daga babban filin wasa na Surulere a ƙare a Eko Atlantic. Ya sa ran gasar Fabrairun 2023, ya ƙirga watannin da suka rage, ya ga kamar sun yi masa kaɗan.

Littafinsa ya nuna abubuwa uku da suka sauya kusan lokaci guda. Na farko, cikin mako biyar ya ɗaga gudunsa daga kilomita 30 zuwa 64 a mako, ranakun fita suka tashi daga huɗu zuwa shida. Na biyu, ya ƙara atisayen hawa da gangara sau biyu a mako, domin ya ji labarin doguwar gadar nan ta Legas da ake tsallakawa. Na uku, ya ajiye tsohon takalminsa mai tudun dunduniya, ya sayi wani na gwanjo mara nauyi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, ya fara dogon zango da shi tun ranar farko. Duk da wannan bai ajiye hidimar ƙungiya ba: ranar Asabar sai ya yi nasa gudun tun kafin a taru, sannan ya sake bin baƙi a baya.

A tsakiyar Oktoba ya yi zazzaɓi. Bai je an gwada jininsa ba, ya shiga wani kemis aka ce taifot ne, aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna ciprofloxacin na kwana biyar. Kwana biyu da gama maganin ya koma gudu. A makon ƙarshe na watan ya rubuta a littafinsa cewa idan ya tashi sallar asuba, bayan ƙafarsa ta dama yana ƙagewa, takun farko yana yi masa zafi a daidai agara, kimanin faɗin yatsu uku sama da dunduniya, amma da ya yi tafiyar minti biyar sai ya saki.

Matakan farko: Nuwamba da Disamba 2022

Bai gaya wa kowa ba. Tunda zafin yana lafawa idan jiki ya ɗumama, sai ya ɗauka tsamin jiki ne irin wanda aka saba. Ya fara da man zafi da gashi da ruwan ɗumi kowane dare. Da zafin ya fara biyo shi cikin gudu, sai ya koma shan ƙwayar kashe zafi ta diclofenac kafin ya fita, da farko ranar dogon zango kawai, daga baya kusan kullum. Maganin ya danne zafin har ya ci gaba da kilomita 60 a mako na tsawon mako huɗu, amma ƙagewar safe ta tashi daga minti biyar zuwa kusan rabin awa, wurin kuma ya yi ɗan kumburi wanda ake iya ji da yatsu.

A farkon Disamba wani abokin aikinsa ya kai shi wajen mai ɗori, aka ce targaɗe ne, aka ja ƙafar, aka murza wurin da ƙarfi, aka ɗaure da tsumma na kwana uku. Ya ce ya ɗan ji sauƙi a kwanakin da ƙafar take ɗaure, wato kwanakin da bai yi gudu ba. Ranar Asabar ta biyu bayan haka, cikin hunturu da ƙura, ya fita zangon kilomita 28. A kilomita na 19 ya tsaya, ya ƙarasa gida a Keke Napep, washegari kuma da ɗingishi ya je masallaci. Ranar ce mafi yawanmu muka san akwai matsala, kusan wata biyu bayan somawarta.

Hutu, komawa da janyewa: Janairu zuwa Afrilu 2023

Shawarar da kowa ya ba shi ita ce ya huta, ya kuma huta ɗin sosai: mako bakwai ba gudu, ba doguwar tafiya, ba wani atisaye. Gasar Legas ta zo ta wuce a farkon Fabrairu yana gida. Zafin ya ragu har ya daina jin sa a zirga-zirgar yau da kullum, sai ya ɗauka ya warke. A tsakiyar Fabrairu ya fito ya yi kilomita 10 da irin saurin da ya saba, bayan kwana biyu ya ƙara 12. Safiyar da ta biyo baya ƙagewar ta dawo kamar ba a taɓa hutawa ba.

A wannan tsakanin wani ya kawo masa shawarar a yi masa allurar kashe kumburi a jikin agarar, irin wadda ake yi wa masu ciwon gwiwa. Wata ma'aikaciyar jinya da ke cikin ƙungiyar ta je har gida ta roƙe shi kada ya yarda, ta bayyana masa cewa irin wannan allura a wannan jijiya tana iya raunana ta har ta tsinke, sannan ta ja hankalinsa cewa mai hawan jini da ke shan diclofenac kullum yana gudu cikin ƙishirwa yana jefa ƙodarsa cikin haɗari. Ya bar zancen allurar, ya daina shan ƙwayar, amma bai je asibiti ba.

Daga ƙarshen Fabrairu ya daina zuwa wajen taruwa gaba ɗaya. Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, lokacin da dama halarta takan ragu, don haka ba mu farga da wuri ba. Saƙonsa na asuba a zaure ya ɗauke. Bayan sallah, a ƙarshen Afrilu, nauyinsa ya koma kilo 84, awon jininsa 146/92. Iyalinsa ta gaya wa ɗaya daga cikin matanmu cewa yakan farka a lokacin da ya saba, ya dawo daga masallaci ya zauna a tsakar gida shiru har lokacin tafiya makaranta ya yi.

Halin da ƙungiya ta shiga da abin da ta gwada

Littafin halarta ya nuna matsakaicin mutum 34 a ranakun Asabar na Oktoban 2022. A Asabar biyu na farko bayan ƙaramar sallar 2023, mutum 13 da 11 suka zo. Cikin mata tara da muke da su a lokacin, biyu suka rage. Baƙi shida da suka fara zuwa tsakanin Janairu da Maris, babu ko ɗaya da ya yi zuwa na huɗu.

Mun fara da naɗa wanda ya fi kowa gudu a cikinmu, wani matashi mai ladabi da himma, ya riƙa jagorantar fita. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, sai dai shi a gaba yake, kuma wanda ke gaba bai san abin da ke faruwa a baya ba. Wata Asabar wani sabon zuwa mai jiki ya ɓace hanya a wajejen Unguwar Rimi, muka gama miƙe jiki muka watse ba wanda ya lura ba ya nan. Ruwa ma sau uku ana mantawa da shi, kowa yana zaton wani zai kawo.

Sannan muka yi karo-karo muka kai masa kuɗi a ambulan domin magani. Ya yi godiya, ya sa albarka, ya mayar da kuɗin asusun ƙungiya washegari.

Abu na uku shi ne wanda muka fi sa rai a kansa. Muka shirya ƙwarya-ƙwaryar walima a farkon Mayu, muka gayyace shi, aka yi jawabai, aka ba shi allon yabo, aka sanar da cewa daga ranar shi ne uban ƙungiya. Duk abin da aka faɗa a kansa gaskiya ne, wasu har da hawaye suka yi magana. Ya karɓa cikin natsuwa, ya tafi, kuma Asabar ta gaba bai zo ba. Da na same shi a gida bayan la'asar na tambaye shi ko mun yi wani kuskure, sai ya ce mini, cikin sanyin murya, shi a wajen aiki ya saba ganin irin wannan allo, kuma ranar da mutum zai yi ritaya ake ba shi. Na dawo gida ranar jikina a sanyaye, domin ni ne na kawo shawarar walimar.

Ganin likitan fisiyo: Mayu 2023

Ma'aikaciyar jinyar nan ce ta karɓo masa kati a sashen gashin ƙashi na wani asibiti, ni kuma na ɗauke shi a mota, domin mun lura idan aka bar shi da kansa zai ce sai wani makon. Likitar fisiyon, wato ta gashin ƙashi, ta sa shi ya kwanta rub da ciki, ta matse sha-raɓarsa ta ga tafin ƙafar ya motsa, alamar jijiyar ba ta tsinke ba. Ta taɓa wurin kumburin, wanda yake tsakiyar agarar, ba a inda ta manne da ƙashin dunduniya ba. Ta sa shi ya yi ɗage da ƙafa ɗaya: ta hagu ta yi sau 21, ta dama ta yi 6 da ƙyar. Hoton da aka ɗauka ya nuna jijiyar ta yi kauri a wurin, ba yagewa.

Bayaninta, kamar yadda na rubuta a ranar, shi ne cewa agara igiya ce da ke ɗaukar ninkin nauyin mutum sau da yawa a kowane takun gudu, kuma tana sabawa da ƙarin aiki a hankali fiye da zuciya da huhu da tsoka. Mutum zai ji numfashinsa ya ƙaru cikin makonni, ya ɗauka duk jikin ya shirya, alhali jijiyar tana bukatar watanni. Idan aikin ya fi ƙarfinta sai zarenta ya hargitse, ta yi kauri amma ta yi rauni. Hutu zalla yana kwantar da zafin, sai dai ba ya ƙara mata ƙarfi, hasali ma tsokar sha-raɓa ramewa take yi, don haka mai komawa gudu bayan dogon hutu yana ɗora tsohon kaya ne a kan igiyar da ta ƙara rauni.

Da ta tambayi magungunan da ya sha kafin ciwon, ya ambaci na taifot ɗin, sai ta dakata ta rubuta. Ta ce rukunin magungunan da ciprofloxacin yake ciki an san suna iya taɓa jijiyoyi irin agara, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi girma a kansu a 2008, kuma haɗarin ya fi yawa ga waɗanda suka haura shekara 60 da masu shan magungunan sitiyarod. Ba ta ce shi ne sanadi ba, tunda ninka gudu cikin mako biyar kaɗai ya isa, amma ta ce ya riƙa sanar da duk likitan da zai rubuta masa maganin ƙwayoyin cuta nan gaba.

Mako goma sha biyu da keke: Mayu zuwa Agusta 2023

Atisayen da ta ba shi ya samo asali ne daga aikin wani likitan ƙashi ɗan ƙasar Suwidin, Hakan Alfredson, wanda a 1998 ya wallafa sakamakon gwaji a kan masu gudun sha'awa 15 da ke fama da irin wannan ciwo, dukkansu kuma suka koma gudu bayan mako 12. Mutum zai tsaya a gefen matakala da gaban tafin ƙafa, ya yi ɗage da taimakon lafiyayyar ƙafar, sannan ya sauke dunduniyar mai ciwon a hankali ita kaɗai har ta gota bakin matakalar. Ana yin 15 sau uku gwiwa a miƙe, 15 sau uku gwiwa a ɗan lanƙwashe, safe da yamma, wato 180 a yini. Shi dai da rabin wannan aka fara masa, aka riƙa ƙarawa. Ta kuma ba shi ma'auni: ya riƙa ba zafin maki daga 0 zuwa 10, idan bai wuce 5 ba kuma ya lafa kafin wayewar gari, ya ci gaba, idan ya wuce ko ya kwana, ya rage. Wannan tsari na lamba ya dace da malamin lissafi, nan da nan ya ja layuka a littafinsa.

Mako biyun farko sha-raɓarsa ta yi tsami ƙwarai. A mako na huɗu ya kira ni ya ce bai ga wani canji ba, ƙagewar safe tana nan minti ashirin, yana tunanin dainawa. Likitar ta sake gwada ɗagen, ƙafar dama ta yi 10. Ganin lambar ta motsa daga 6 ya sa ya ci gaba. Daga mako na shida ya fara goya jakar makaranta da littattafai a ciki, kilo biyar, daga baya goma, yana yin atisayen a dakalin ƙofar gidansa.

Ana cikin haka aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Zuwa asibiti ya koma sau ɗaya a mako biyu, babur kuma ya zama sai dole. Dama likitar ta ce yana iya tuƙa keke domin zuciyarsa da awon jininsa, tunda keke ba ya bugun agara kamar gudu, sai ya gyara wani tsohon keken ɗansa ya fara zuwa makaranta da shi.

A nan ne wata daga cikin matan biyu da suka rage ta kawo maganar da ba ta zo wa ɗayanmu ba. Ta ce tunda Kawu yana hawa keke, me zai hana a roƙe shi ya riƙa bin mu a baya ranar Asabar, domin ita kam mijinta ya ce idan ba a samu mai tsaron baya ba ta haƙura. Muka je mu uku, ba allo, ba ambulan. Muka buɗe masa littafin halarta ya ga 34 ya ga 11, muka ba shi labarin baƙon da ya ɓace a Unguwar Rimi, muka ce aiki muka zo roƙo. Ya daɗe yana duban shafin. Asabar ta biyu a watan Yuni, ana yayyafi, muka tarar da shi ya riga kowa, da jarka ɗaya a bayan keke.

Sharaɗi ɗaya ya gindaya, kuma likitar ce ta sa shi a hanya: ba zai sake ɗaukar komai shi kaɗai ba. Ya zauna ya rubuta duk abin da yake yi wa ƙungiya, ya cika shafi biyu, mu kanmu ba mu san ya kai haka ba. Aka raba ruwa ga mutum uku bi da bi, zaɓen hanya aka ba matashin nan mai sauri, kiran waɗanda suka yi fashi ya dawo hannuna. Aka kasa masu gudu gida uku gwargwadon taku, kowane rukuni da mai tsaron bayansa, kuma Kawu ya ɗauki wata biyu yana koya musu aikin: kada ka wuce na ƙarshe ko da taku ɗaya, ka sa shi magana domin ka ji numfashinsa, idan ya koma tafiya kai ma ka koma tafiya ba tare da ka nuna ka lura ba, ka kuma riƙe sunansa domin mako mai zuwa.

A ƙarshen mako na 12, tsakiyar Agusta, ƙafar dama ta yi ɗage 19, ƙagewar safe ta koma ƙasa da minti biyar. Halartar Asabar ta kai 24.

Komawa gudu: Satumba 2023 zuwa ƙarshen 2024

An fara masa da gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu, sau takwas, a kan ƙasa ba kwalta ba, da takalmi mai ɗan tudun dunduniya, kuma ba kwana biyu a jere ba. Atisayen matakala ya koma sau uku a mako amma da nauyi. A mako na shida yana gudun minti 20 ba tsayawa. A ƙarshen Oktoba ya karya ƙa'ida sau ɗaya, ya fita Asabar da Lahadi saboda rakiyar wani baƙo, zafin ya kai 6 ya kuma kwana. Wannan karon bai ɓoye ba, bai sha ƙwaya ba, bai kuma kwanta gaba ɗaya ba: ya koma matakin mako biyu baya, ya ci gaba da matakala, cikin kwana goma ya daidaita. A Disamba ya yi kilomita 10 na farko cikin wata goma.

Da aka buɗe rajistar Legas ta 2024 ya so shiga, likitar ta ce lokaci bai yi ba, ya haƙura, sai ya tsara wa mutum uku daga cikinmu atisayen wata huɗu, kuma dukkansu suka kammala. A azumin 2024, wanda ya kama ranar 11 ga Maris cikin zafi, ya taƙaita da sassarfar minti 25 bayan tarawihi sau uku a mako. Daga Yuni ya fara ƙara zango a hankali, kowane mako na huɗu ya rage, bai taɓa haura kilomita 48 a mako ba.

Sakamako: Fabrairu 2025

Ya shiga gasar Legas ta Fabrairun 2025 yana da shekara 52, tare da mutum biyar daga ƙungiyar. Ya kammala cikin awa 5 da minti 19, kilomita takwas na ƙarshe yana haɗa gudu da tafiya tare da ɗaya daga cikin yaranmu da tsoka ta ɗaure masa. Washegari makin zafin agarar 2 ne, bayan kwana uku babu. Nauyinsa a lokacin kilo 79, awon jininsa 130/84 tare da maganinsa. Matsakaicin halartar Asabar a watan ya kai 41, mata 12.

Abin da ya yi aiki, da dalili

Ta fuskar ƙafa, abin da ya gaza duk iri ɗaya ne: man zafi, diclofenac, ɗori da hutu zalla duk zafin suka nufa, ba ƙarfin jijiyar ba. Ƙwayar ita ta fi yin ɓarna, domin ta rufe bakin alamar da ya kamata ta tsayar da shi tun Nuwamba. Mai ɗori yana da nasa fagen, amma nan babu ƙashin da ya goce. Atisayen matakala ya yi aiki ne saboda ya ɗora wa agarar nauyi daidai abin da za ta iya ɗauka, yana ƙaruwa sannu a hankali, ma'aunin maki kuma ya ba shi hanyar yanke hukunci kowace safiya ba tare da tsoro ko ganganci ba. Wata bakwai suka shige tsakanin takun farko mai zafi da ganin likita, kuma a ganina rabin wahalar daga wannan jinkiri ta fito.

Ta fuskar ƙungiya, laifin ya fi karkata gare mu. Shekara huɗu muna cin moriyar mutum ɗaya ba mu taɓa ƙirga abin da yake yi ba, har ya zama yana gudu biyu a safiya ɗaya domin kada baƙo ya rasa abokin tafiya, kuma wannan ƙarin zangon yana cikin kayan da suka danne agarar. Ɓoye ciwon da ya yi ma ina ganin da hannunmu a ciki, domin wanda kowa ya jingina da shi yana jin nauyin ya ce ya gaza. Da muka tashi nuna godiya, sai muka zaɓi hanyar da ta fi mana sauƙi, jawabi da allo, waɗanda ke magana a kan abin da ya wuce, shi kuwa abin da ke cin ransa shi ne ko yana da sauran amfani a gobe. Roƙon da aka je yi masa da littafin halarta ya amsa wannan tambaya, keken ya ba shi hanyar dawowa tun ƙafar ba ta warke ba, dawowar kuma ita ta riƙe shi a kan atisaye mai gundura na mako goma sha biyu, wanda da yana zaune shi kaɗai a gida ina shakkar zai kai ƙarshensa.

Darajarsa a wajenmu ba ta taɓa kasancewa a saurinsa ba, kuma alƙaluman sun nuna haka: ƙungiyar ta farfaɗo ne a watannin da ko taku ɗaya bai gudu ba. Yanzu masu tsaron baya shida muke da su, duk shi ya horar da su. Har yau yana yin atisayen matakala sau biyu a mako a dakalin ƙofar gidansa, allon yabon yana rataye a falonsa, ranar Asabar kuma, idan ba juyinsa na tsaron baya ba ne, yakan shiga rukuni na biyu ya yi gudunsa.